Wa ke rubuta sunayen? Labarin ɗaukar soja daga wani ƙauyen Dumega



Duk wanda yake Yamai ranar 19 ga watan Agusta 2023 ba zai manta da filin wasa na Seyni Kunce ba. An yi shela cewa masu son sa kai don kare ƙasa su zo su ba da suna. Kafin hantsi wurin ya cika maƙil, samari dubbai, har waɗanda suka shirya taron suka dakatar da rubutun don jama'a ta fi ƙarfinsu. Ina wurin ranar. Na ga ɗan kabu-kabu da ya jingine babur ya shiga layi, na ga ɗalibin jami'a, na ga mai shayi. Kowa da ƙafarsa ya zo, ba wanda aka jawo da igiya, kuma wallahi abin ya taɓa ni.

Ina tsaye ina kallon hannuwa suna miƙa katin shaida, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi ma an taɓa rubuta shi a takardar soja, amma sunan da aka rubuta na wansa ne. Tun daga ranar nake son in ba ku labarin nan, don ina ganin akwai tambayar da ya kamata kowane matashi ya iya yi kafin ya miƙa katinsa.

Mu mutanen wani ƙaramin ƙauye ne kusa da Dumega, cikin Dallol Mawri. In ka tashi da asuba ka nufi gabas, kafin rana ta yi tsaka ka taka ƙasar Kabi. Tsofaffinmu ba su cika cewa Nijar da Najeriya ba, cewa suke Faranshi da Ingilishi.

Yadda kakana ya ba mu labari, shekaru kaɗan ne bayan yunwar 1931, wadda fari da fara suka kawo. Da rani, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, sai ga gardi bisa doki da saƙo: ƙauyen zai ba da samari huɗu, a kai su Dutsi gaban kumandan. Gardi bai zo da sunan kowa ba, adadi kawai ya kawo. Mai gari ne ya zauna ya fidda sunaye. Mahaifin kakana ba shi da shanu, ana bin shi lampo, kuma akwai tsohuwar rigimar gona tsakaninsa da dangin mai gari. Sunan babban ɗansa ya fito.

Da dare uwarsu ta ƙulla gumba a tsumma ta tada babban. Ta ce masa, “Tashi ka tai wurin kawunka, kada asuba ta iske ka nan.” Ya bi dare ya nufi wajen Kangiwa. Da safe aka nemi yaro aka rasa, sai aka zaunar da uban a rana, aka ce ba zai tashi ba sai an ga ɗa. Kakana a lokacin bai wuce shekara goma sha bakwai ba. Ya fito ya ce a sake babansa, shi zai tafi. Wani ya ce ai ba sunansa ke cikin takarda ba. Mai gari ya ce, “Nasara suna ya sani, bai san fuska ba.”

Kwana biyu suka yi a ƙafa zuwa Dutsi. Likita ya tuɓe su, ya duba haƙora da idanu, ya auna tsawo da faɗin ƙirji. Cikin su huɗu biyu aka ce ba su da lafiya, su koma gida. Sauran aka sa su zaro lamba. Ta kakana ta faɗa cikin masu tafiya. Aka kai shi barikin Damagaram, daga can aka tura shi gabas wajen tafkin Cadi. Har ya tsufa yana ce mini, “Jikana, shekara ukku ina amsa sunan wana. In an kira shi in miƙe, in an yi mishi hukunci in sha.” Wan nasa bai sake dawowa da zama ba. Yau jikokinsa 'yan Najeriya ne a jihar Kabi, mu kuma 'yan Nijar. Takarda guda ce ta raba gidanmu biyu.

Da ina yaro na ɗauka wannan rashin sa'ar gidanmu ne kawai. Da na girma na karanta, sai na gane tsari ne cikakke, mai doka da ma'aikata da lissafi.

Tushensa ya faro tun kafin yaƙin duniya na farko. A 1910 wani hafsan Faransa, Charles Mangin, ya fitar da littafi mai suna La Force noire, yana cewa Faransa tana ƙarancin haihuwa, Jamus ta fi ta yawan maza, don haka a mai da Afirka rumbun soja. A 1912 aka fara dokar ɗaukar dole. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, aka kwashi sama da mutum 170,000 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda ake kira AOF, wajen 30,000 ba su dawo ba. A 1918 kaɗai, Blaise Diagne, ɗan Senegal da ke majalisar dokokin Faransa, ya jagoranci ɗaukar mutum kusan 63,000 a AOF. Ana kiran su duka tirailleurs sénégalais, ko da kuwa mutum Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bamoshe.

Mai hankali zai ce to yaƙi ya ƙare, sai a bar mutane su yi noma. Ina! Ranar 30 ga Yuli 1919 aka sa hannu a wata doka da ta mai da ɗaukar soja abin kowace shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi. Wa'adi shekara uku. Daga nan har yaƙin duniya na biyu, kowace shekara ana ɗaukar sama da samari 10,000 a faɗin AOF.

Ku lura da yadda adadin ke gangarowa, don nan ne maganar take. A Paris ake yanke yawan sojan da ake so. Gwamna janar a Dakar ya raba wa ƙasashe. Gwamnan Nijar, wanda ke zaune Damagaram har 1926 da aka mai da babban birni Yamai, ya raba wa kumandan-kumandan. Kumandan ya raba wa sarakunan kanto. Sarki ya raba wa masu gari. Daga Paris har ƙofar sarki lamba ce ke tafiya. Sai a zauren mai gari lamba take zama mutum mai suna da uwa da gona.

A takarda an ce duk saurayin da ya kai kimanin shekara ashirin ya bayyana. To wa ya san shekarun wa? Babu takardar haihuwa a ƙauye. Littafin ƙidayar lampo shi ne littafin soja, kuma abin da mai gari ya faɗa wa tafinta shi ke shiga ciki. Shi ya sa iyaye suka koyi ɓoye 'ya'ya ranar ƙidaya. Wannan tsoron mai biro da littafi da har yau kuke gani a ƙauyukanmu, kuna cewa jahilci ne, yana da asali.

Da rani sai kwamitin ɗauka ya zaga. Akwai hafsan soja Bafaranshe, akwai kumandan, akwai likita, akwai magatakarda da tafinta. Aiki kashi uku ne: kiran suna, duba lafiya, sannan kuri'a. Masanin tarihi Myron Echenberg, wanda ya bi takardun waɗannan kwamitoci a littafinsa Colonial Conscripts, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka gabatar likita ke mayar da su gida. Wasu da gangan sarakuna ke turo marasa lafiya don cika layi. Amma da yawa yunwa ce ta gaske, da kurkunu, da ciwon ido, da gwaiwa. A ganina babu rahoton da ya fi teburin likitan nan faɗin gaskiya kan halin da talaka ke ciki a zamanin Nasara.

Waɗanda suka tsallake likita su ke zaro lamba. Kashi na farko su sa kaki da jar dara. Kashi na biyu a ce su koma gida su zauna cikin shiri. Kuri'a ita ce abin da Faransawa ke nunawa in an ce suna zalunci: ai sa'a ce, ba zaɓe ba. Kuma ban ce ana maguɗi a cikin zaro lambar ba. Maguɗin an gama shi tun a ƙauye. Kuri'a ba ta faɗawa kan wanda ba a kawo ba. Waɗanda ake kawowa su ne maraya, da ɗan baƙo, da jikan bawa, da bara, da ɗan wanda ake bi lampo, da ɗan wanda ya taɓa ɗaga wa sarki murya. Gaskiya akwai 'ya'yan sarakuna da suka shiga soja, wasu don neman galan, wasu don uban ya nuna biyayya. Amma nauyin gaba ɗaya a wuyan marasa gata ya sauka.

Sai maganar wa'adi. Saurayin Faransa, ɗan ƙasa mai ƙuri'ar zaɓe, daga 1923 wata goma sha takwas yake yi. Daga 1928 aka rage masa zuwa shekara ɗaya. Kakana, wanda ba a ɗauke shi ɗan ƙasa ba, wanda kumandan ke iya kullewa ba tare da alƙali ba a ƙarƙashin dokar indijena, shekara uku yake yi. Wanda ba shi da murya a cikin mulkin shi ya fi biya da jikinsa. Damina uku ke nan gona ba ta ga ƙarfinsa ba, a gidan da bai gama farfaɗowa daga yunwa ba.

A cikin bariki ma tsanin yana da rufi. Hafsoshi Faransawa ne. Baƙar fata zai iya zama kaporal, ya zama sarjan, ya zama ajidan, amma waɗanda suka kai laftana 'yan ƙalilan ne. A nan Nijar akwai sojan ƙasa a barikoki irin na Damagaram, akwai kuma masu raƙuma da ke sintiri a Ayar da hamadar Bilma, musamman bayan yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917. Wasu daga AOF an tsallakar da su teku: suka yi gadi a yankin Rhin na Jamus bayan yaƙi, suka yi yaƙin Rif a Maroko a 1925 da 1926, aka kai su Siriya, aka tara su a barikokin Fréjus a kudancin Faransa. Wato talakan da aka mallaka shi ake ba bindiga ya je ya danne wani talakan da aka mallaka. In ya dawo gida kuma, aikin da ya fi samu shi ne gardi. Gardin da ya zo ƙauyenmu da saƙo, mai yiwuwa shi ma wata rana haka aka zo aka ɗauke shi.

Kashi na biyu fa, waɗanda aka ce sun tsira? A 1926 aka fito da doka cewa ana iya kiran su aikin gwamnati. Babu bindiga, babu kaki na kirki, sai diga da shebur. An fi amfani da su a Sudan ta Faransa, Mali ta yau, wajen hanyar jirgin ƙasa da gonakin Office du Niger da madatsar ruwa ta Markala. Kada sunan ya ruɗe ku, kogin ake nufi, aikin a Mali yake. A wajenmu kuwa aikin tilas na shekara-shekara ne ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin sabon birnin Yamai. Masana irin su Finn Fuglestad sun nuna cewa lampo da aikin tilas sun ƙara wa yunwar 1931 muni a yammacin Nijar. An soke aikin tilas da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946, amma na kashi na biyu sai da ya ƙara 'yan shekaru, don an ce wai shi aikin soja ne. Ku riƙe wannan: da zarar an sa wa abu sunan tsaro, yana iya daɗewa bayan an soke 'yan uwansa.

To ya mutanen Arewa suka amsa? Ƙasar da Sarauniya ta tsaya wa Voulet da Chanoine a Lugu a 1899 ba ta da sauran ƙarfin fito-na-fito. Sai aka amsa da ƙafa. Rabon Nijar a ɗaukar soja bai kai na Sudan ko Haute-Volta ko Gine ba, kuma ina ganin doguwar iyakarmu da Najeriya tana cikin dalilai. In an matsa, ƙauye ya wayi gari babu samari, wani lokaci babu kowa. Mai lampo ya tafi, lampo ya tafi. Kumandan ya san haka. A Ingilishi kuwa, tsakanin yaƙunan biyu, rundunar Najeriya da masu sa kai take cika sahu, kuma Hausa ce harshen bariki. Ban ce Ingila uwa ce mai tausayi ba. Ta kwashi 'yan dako da ƙarfi a yaƙin farko, ta tura mutane haƙar kuza a Jos da tilas a yaƙi na biyu. Amma ga saurayin Dallol Mawri a shekarun 1930, tafiyar dare ɗaya tana raba shi da shekara uku. Iyakar da Turawa suka ja don amfanin kansu, talaka ya mai da ita ƙofar baya.

Akwai amsa ta biyu da ta fi ba ni mamaki. A 1925, a Cikal cikin ƙasar Kurfai ta Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara wani sabon bori. Zabarmawa suna ce masa Hauka, a Arewa an fi sanin sa da Babule. Iskokinsa sojoji ne da masu mulki: gwamna, kumandan, kaporal. Samari da 'yan mata suna fareti, suna sara wa juna, suna kwaikwayon maganar bariki. Abin ya bazu har ƙasarmu, kuma mabiyansa suka riƙa bijire wa sarakunan da Nasara ya ɗaure wa gindi, da lampo, da aikin tilas. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya kama su ya kulle. Ba maganar addini nake ba a nan, kowa ya san matsayinsa a kan bori. Abin da nake so ku gani shi ne wannan: mulkin da ya koya wa matasa fareti da oda bai ba su adalci ba, sai suka ɗauki faretin suka juya shi kan masu mulkin. In ka koya wa saurayi tsayawa a sahu, ba kai kaɗai za ka yanke inda sahun zai fuskanta ba.

Sai bayan an dawo. Mai shekara uku kamar kakana babu fansho, sai wanda ya sake sa hannu har ya cika shekara goma sha biyar. Waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu kuwa kun san Thiaroye: ranar 1 ga Disamba 1944, kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da ke neman kuɗinsu. Faransa ta daɗe tana cewa 35 ne suka mutu, masana da dama suna cewa ɗaruruwa ne. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da za su sami 'yanci, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulkin Faransa na 2010. Lokacin mafi yawansu suna kabari. Ranar ɗauka akwai likita da magatakarda da hatimi. Ranar biya sai a ce a kawo takarda. Kakana yana da takarda, yana ajiye da ita cikin gwangwani har ya rasu, amma sunan wansa ne a kai.

Na san abin da wasunku za su ce, don abokaina sun faɗa mini ido da ido. Za ku ce wancan mulkin Nasara ne, wannan ƙasarmu ce. Za ku ce sojan yau ɗanmu ne, yana mutuwa a Tilaberi da Difa da Tawa don mu yi barci. Za ku ce yanzu har ƙauyukan jihar Doso sun san tsoron masu bindiga bisa babura, ba lokacin tone-tone ba ne. Na yarda da duk wannan. Ƙasa tana da haƙƙi a kan 'ya'yanta, kuma duk wanda ya ce kada a kare ta ba ya tare da ni. Ban haɗa sojan Nijar da sojan mulkin mallaka ba, Allah ya kiyaye.

Amma ku tuna, a labarin kakana ba Bafaranshe ne ya zaɓi sunan gidanmu ba. Namu ne ya zaɓa, mai jin Hausa, wanda ake sallar Idi tare da shi. Bafaranshe ya tafi a 1960. Halin ɗora wa mara gata kaya bai hau jirgi ya bi shi ba. Kuna gani a rabon taki, kuna gani a rabon tallafin hatsi, kuna gani a jarabawar ɗaukar aiki. Me zai hana mu gan shi ranar da za a ce kowane ƙauye ya ba da samari?

Mun kuma ga abin da ya faru a maƙwabta. Burkina Faso ta kafa rundunar 'yan sa kai ta VDP a farkon 2020 da horon mako biyu kacal. A Afrilu 2023 ta ayyana gangamin ƙasa baki ɗaya, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin su Human Rights Watch, sun ba da rahoton cewa an yi amfani da dokar an tura 'yan jarida da masu suka da alƙalai fagen daga. A Borno, 'yan kato da gora sun taimaka wajen korar Boko Haram daga Maiduguri a 2013. A Zamfara kuwa mutane da yawa suna ganin ɗaukar doka a hannu da 'yan sa kai suka yi ya ƙara rura wutar da ake son kashewa. Sa kai yana iya ceton gari, yana iya ƙona shi. Tsari ne ke raba su.

Don haka, duk ranar da aka zo mana da maganar ɗaukar matasa, ko ta dole ko ta sa kai, ko daga gwamnati ko daga wata ƙungiya, ni dai ga abin da zan tambaya, kuma ina roƙon ku ku tambaya tare da ni.

Na farko, wa ke rubuta sunayen, kuma a ina za a manna su kowa ya gani? In mutum ɗaya ne zai shiga ɗaki ya fito da jeri, mun koma zauren mai gari. A karanta a fili, a ba wanda aka zalunta wurin kai ƙara. Kuma jerin ya haɗa da ɗan minista da ɗan kanar da ɗan babban ɗan kasuwa, da mu 'yan birni masu digiri. In ɗan Plato a Yamai yana da hanyar zamewa, ɗan Dumega ba shi da ita, to kuri'ar 1919 ce aka sake wa riga.

Na biyu, wa'adin nawa ne, kuma aikin mene ne? A rubuta ranar shiga da ranar fita. Kada a kira mutum kare ƙasa ya ƙare a gonar wani ko ginin wani, kamar 'yan kashi na biyu.

Na uku, wa ke ba da oda, wa ke ba da horo, wa ke hukunta wanda ya yi laifi? Bindiga a hannun yaron da bai san doka ba, a yankin da manomi da makiyayi ke da tsohuwar jiƙaƙƙa, ba tsaro za ta kawo ba. Mu a Dallol mun san yadda rigimar burtali guda ke zama gaba ta shekaru.

Na huɗu, in ya dawo da ƙafa ɗaya, ko bai dawo ba, wa zai riƙe matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa? A faɗa tun yanzu, a sa a doka, a ware kuɗin. Kuma a rubuta shi da sunansa na gaskiya. Har yau akwai samari da yawa a ƙauyukanmu da ba su da takardar haihuwa. Wanda gwamnati ba ta rubuta ranar da ya zo duniya ba, ya za a yi iyalinsa su tabbatar da ranar da ya bar ta?

Na biyar, kada kaki ya zama bulala. Ranar da aka fara tura mutum daji don ya yi magana, an wulaƙanta sojan da ya je don kishi, an kuma koya wa jama'a cewa soja hukunci ne.

Wanda ya yi waɗannan tambayoyi ba maƙiyin ƙasa ba ne. Faransa ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar samarinmu, amma kullum sai da gardi da igiya, kullum ana bin sawu zuwa iyaka, domin mutane sun san rabon ba na adalci ba ne. Samarin da na gani a filin wasa a 2023 sun zo da abin da kumandan bai taɓa samu ba, wato yarda. Abu ne mai tsada, kuma in aka yi wasa da shi sau ɗaya, hanyar Kangiwa tana nan, yanzu ma har da ta Agadas da Libiya.

Bara na je biki wurin danginmu na Kabi. Wani tsoho, ɗan wan kakana, ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, babanmu har ya mutu yana jin kunyar ƙanensa.” Na ce masa, Baba, kakana bai taɓa zargin sa ba, wanda ya rubuta sunan yake zargi. Muka yi shiru, muka yi musu addu'a su biyun.

Ku da kuke da sauran tsofaffi a gida, in kun je hutu ku zauna ku tambaye su: a gidanmu wa aka ɗauka, wa ya gudu, wa ya fidda sunan? Ku ɗauki muryarsu a waya kafin su tafi da labarin. Ina da yaƙinin kusan kowane gida daga Matankari zuwa Tibiri, daga Konni zuwa Magarya, yana da irin nasa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya kare sojojinmu da ke daji, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da shugabanni masu adalci. Amin.